Rasuwar Jimrau a Hanyar Tahifet

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da har yau ban iya ɗaga ta sosai a kasuwa ba, ni Khamisu ɗan Malam Illo, mutumin Damagaram, mai kantin atamfa da takalma a Tamanrasset, nake sanar da 'yan uwa, abokan arziki, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗarsa ya tura, rasuwar motata, abokiyar zamana ta shekara tara, wadda na raɗa wa suna Jimrau, mutanen unguwa kuma suka fi sani da Sai-an-tura. Ta cika ranar Juma'ar da ta gabata, gab da azahar, a kan hanyar Tahifet, bayan gajeriyar rashin lafiya wadda ni ne sanadinta.

Ba a san shekarun marigayiyar daidai ba. Takardunta sun faɗi wani abu, amma Salifu makanike, wanda ya fi kowa sanin cikinta, ya sha rantsewa cewa ta girme ni. An haife ta a Turai, ta ƙetare teku tana budurwa, ta yi aikin taksi a garuruwan arewa, ta yi dakon buhunan siminti, ta zauna a hannun mutum huɗu kafin Allah ya haɗa ta da ni. Dukansu huɗun sun rabu da ita tana da rai. Ni ne na biyar, kuma ni kaɗai na iya abin da hamada da siminti suka kasa.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri da rashin gaggawa. Tunda nake da ita ba ta taɓa wuce wata mota a kan hanya ba, ko jaki ma sai ta ga ya tsaya cin abinci. Ba ta da girman kai: jikinta fari ne, ƙofar hagu shuɗiya, murfin inji kalar ƙasa, kuma ba ta taɓa jin kunyar shiga taron biki a haka ba. Mai riƙon amana ce. Shekara tara tana kwana a ƙofar gida ba kulle, babu ɓarawon da ya taɓa wulaƙanta kansa ya dube ta. Jandarmomi kan hango ta daga nesa su ɗaga mini hannu in wuce, don sun san idan ta tsaya su ne za su tura.

Ba za mu manta da muryarta ba. Da safe in na murɗa makulli, takan fara da gaisuwa a hankali, "kyar, kyar, kyar," ta yi shiru kamar mai tunanin ko ranar ta cancanci a tashi. Sai samarin unguwa sun jeru a bayanta sun kai ta gangaren masallaci, sannan ta ce "kuf, kuf, tuf-tuf-tuf," ta sa musu albarka da baƙin hayaƙi. Odarta kuwa ta daɗe da shaƙewa. In na danna, abin da ke fitowa "miiƙ" ne, har awaki kan amsa.

Gaskiya ita ce ta daɗe tana fama da ciwo guda: yoyon radiyater, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya mata inji. Salifu ya ce a canja, na ce ba a yi wa tsohuwa aikin da jikinta ba zai ɗauka ba. Na bi hanyar da tsofaffin direbobin sahara suka koya mini a wurin shan shayi. Na zuba mata garin lalle, yoyon ya tsaya wata biyu. Da ya dawo na ba ta garin barkono. Bayansa ɗanyen ƙwai, bayansa sabulun wanki da na kankare da wuƙa, har tumatirin gwangwani ta sha a wata shekara. Kowanne ta karɓa ba musu, kowanne ya toshe ɓular na ɗan lokaci. Daga nan na fara ɗaukar kaina likita. Nakan zauna a ƙofar kanti ina koya wa mutane cewa mota kamar mutum take, duk abin da cikin ɗan Adam zai karɓa nata ma zai karɓa. Ina roƙon duk wanda ya ji wannan karatu daga bakina ya zubar da shi tun bai kashe tasa ba.

Ba zan iya bayanin ajalinta ba sai na kawo maganar mahaifiyata, Inna Laure. A shekarar yunwar tamanin da huɗu, ina goye, mahaifina Malam Illo ya bar Damagaram ya nufo arewa neman abin da zai ciyar da mu. Inna ba ta so tafiyar ba. Sun yi cacar baki, ranar da zai fita ta zauna a ɗaka ta ƙi rako shi ko ƙofar gida, ba ta ce masa Allah ya kiyaye hanya ba. Ya samu aikin lambu a Tahifet, ƙauyen da ke cikin duwatsu, yana gyaran hanyoyin ruwa. Bai cika shekara ba zazzaɓi ya ɗauke shi, mutanen garin suka yi masa sutura suka binne shi. Shekara arba'in ke nan Inna na ɗauke da wannan rakiyar da ba ta yi ba. Ba ta cika faɗa ba, amma duk 'ya'yanta mun sani.

Watan jiya aka kawo mini ita don a cire mata yanar ido, bayan shekara uku tana lalube. Aiki ya yi kyau. Ranar da aka kwance mata bandeji ta dube ni, ta dubi matata Rakiya, ta dubi jikokinta Zuhura da Bilkisu, ta ce na yi tumbi. Da ta ga matan garin nan suna zuwa maƙabarta ranar Juma'a, abin da ba a saba ba a wajenmu, sai ta roƙe ni abu ɗaya tak: in kai ta ta ga kabarin mijinta da idon nan kafin ta koma gida. Izinin zamanta na wata ɗaya ne, kuma ita da ni mun san mai shekara saba'in da biyu ba ta ƙetare wannan hamada sau biyu.

A nan ne ya kamata a fara yi mini ta'aziyyar hankalina. Maƙwabcina Muntari yana da sabuwar mota kat-kat, mai hawa dutse kamar akuya. Tun Juma'ar farko ya zo har gida ya ce zai kai Inna ya dawo da ita kafin la'asar. Na yi masa godiya mai sanyi na ce ɗanta na da mota. Shekara tara ina aika hoton Jimrau gida, wanda na ɗauka daga gefen da ba ta lotsa ba, kuma ban shirya Inna ta koma tana ba da labarin motar Muntari ba. Juma'a ta farko ta wuce ina neman taya. Ta biyu ta wuce ina jiran batir. Ta uku kaya suka iso kanti. Sai da ya rage kwana ɗaya tak, motar da za ta mayar da Inna na tashi da safiyar Asabar, sannan na ce a shirya.

Mun fita da hantsi, da niyyar in yi sallar Juma'a a Tahifet. Inna a gaba, sanye da farin mayafin da ta ajiye tun daga gida don wannan rana. Rakiya da 'yan matan a baya. A but ɗin mota na jera bido uku, wato jarkoki, kowanne Rakiya ta ɗinke shi da buhu ta jiƙa don ya yi sanyi. Biyu ruwan Jimrau ne, don na san shanta. Na ukun fura ce. Inna da kanta ta dama ta, da geron da ta taho da shi daga Damagaram, da nono, da cuku, da dabino, da citta, ta ce sadaka ce za ta raba wa mutanen da suka wanke mijinta suka binne shi, ko 'ya'yansu in su sun tafi.

Marigayiya ta fara tafiyar da natsuwa. Mun bar kwalta mun hau turba, tana cewa "gir-gir-gir" a kan tsakuwa, Inna na kallon duwatsu tana tasbihi, tana tambayar ko da ƙafa mijinta ya bi nan. Kafin rabin hanya Jimrau ta shanye bido ɗaya, kamar yadda ta saba. Ɗayan ya rage, kuma da ya isa.

Sai muka tarar da wani dattijo makiyayi a gefen hanya, da raƙuma biyu da 'yan awaki, ya ɗaga salkarsa yana nuna mana babu komai a ciki. Kowa ya san a hamada ba a wuce mai neman ruwa, kuma ban yi nadamar tsayawa ba. Abin da ya kamata shi ne in cika masa kwano biyu ko uku in kama hanya. Amma uwata na kallona da sababbin idanu, sai na ji ina son ta ga irin ɗan da ta haifa. Na sauko da bidon gaba ɗaya. Dattijon, shi ma mai mutunci, ya ce ba za mu tafi ba sai ya dafa mana shayi, da ruwanmu. Wanda ya zauna ƙasar nan ya san ba a tashi bayan kofi na farko, ba a tashi bayan na biyu, sai an sha na uku. Muka zauna a inuwar ƙaya ina ba shi labarin kasuwa da guntun Larabcina, rana na hawa. Rakiya ta yi gyaran murya sau biyu, na yi kamar tari ne ke damunta. Da za mu tashi na ɗaga bidon na juye masa sauran a salka har ɗigon ƙarshe, har ina bubbuga gindinsa don kowa ya ji babu saura. Ya yi mini addu'a mai tsawo. Na shiga mota ina jin kaina wani babban mutum.

Ba mu yi nisa ba hanya ta fara hawa. Allurar zafi ta miƙe, Jimrau ta fara cewa "tsss, tsss," tururi ya fito ta gefen murfi. Na tsaya, na jira ta huce, na zuba mata ruwan shanmu na goruna biyu, na bar ɗaya saboda yara. Ta shanye, ƙasa ta shanye daga gare ta. Na duba gabas na duba yamma, babu rijiya, babu mota, babu rezo a waya balle in kira wani. Sai idona ya faɗa kan bido na uku.

Ina so masu karatu su san ban yi abin cikin ruɗewa ba. Na tsaya na yi nazari irin na masana. Na ce lalle gari ne, gero ma gari ne. Fura ruwa ce ga sanyi, ga kuma abin toshe ɓula a cikinta, ta haɗa magani biyu ke nan. Na ce zan zuba tsararon sama kawai, in bar wa Inna mai kaurin. Na kai bidon gaban mota, na ɓuya a bayan murfin inji na fara tsiyayawa. Tsararon ya ƙare, tukunya ba ta cika ba, na girgiza na ci gaba. Shekara uku na saba Inna ba ta gani, na manta an gyara. Da na sauke murfin, tana kallona ta gilashi, da bidon sadakarta a hannuna babu nauyi. Na shiga na tayar, aka yi sa'ar gangare, muka tafi.

Dole in faɗi gaskiya don girmama marigayiya: kilomita huɗun da suka biyo baya su ne mafi daɗi da ta taɓa yi a hannuna. Yoyo ya tsaya cak. Inji ya yi laushi. Har na juya na dubi Rakiya da irin kallon da miji ke yi in ya ci gardama. Sai ƙamshi ya fara shigowa, ƙamshin kunu mai citta, Bilkisu ta ce yunwa take ji. Daga nan Jimrau ta ce "ɓul, ɓul, ɓul," kamar tukunyar talge. Ta ce "fuuu." Ta yi wata irin shaƙuwa sau uku, ta girgiza tun daga gaba har baya, ta ce "ƙwas." Wannan ita ce kalmarta ta ƙarshe. Na murɗa makulli ya fi sau ashirin, ko "kyar" ɗin gaisuwa ba ta ƙara yi mini ba.

Muka zauna. Lokacin Juma'a ya zo ya wuce mu a gefen hanya. Na buɗe murfi na rufe, na kwanta a ƙarƙashinta na fito, don dai a ga ina wani abu. Na jira Inna ta yi faɗa, da ta yi da na samu sauƙi. Ita kuwa ta fito a hankali, ta gyara mayafinta, ta tambaye ni ta wane gefe garin yake. Sau ɗaya na taɓa zuwa Tahifet, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a bayan babbar mota, ina barci rabin hanya. Amma ɗan da ya ƙi motar maƙwabci, ya kyautar da ruwa, ya dafa sadakar uwarsa a inji, ba zai iya cewa bai sani ba. Na zaɓi wani dogon baƙin dutse mai kai biyu a hannun dama, na miƙa hannu da ƙarfin hali na ce garin na gindinsa.

Ta shimfiɗa tabarma ta yi taimama ta yi sallarta. Da ta idar sai ta juya ta fuskanci dutsen, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta fara magana ƙasa-ƙasa. Ta yi fiye da awa ɗaya. Ban matsa kusa ba, amma iska na kawo mini guntaye: sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi aure, wanda ya rasu, rijiyar da aka haƙa a gida. Na ji ta nemi gafarar mahaifina. A ƙarshe ta ɗaga hannu ta yi masa Allah ya kiyaye hanya, wadda ta hana shi shekara arba'in. Rakiya ta rufe fuska da gyale tana kuka. Ni ina tsaye kusa da gawa mai ƙamshin kunu, ban taɓa jin na ƙanƙance irin na wannan rana ba.

Bayan la'asar wata motar kayan lambu ta fito daga Tahifet za ta Tamanrasset, ita kaɗai muka gani duk yinin. Na roƙi direban ya juya da mu, ya ce esansinsa, wato man motarsa, ba zai kai ya dawo ba, kuma in muka ƙi binsa ba ya tsammanin wata sai gobe. Motar Inna kuwa da safe za ta tashi. Matan suka shiga gaba, ni na hau kan buhunan albasa. Kafin mu tashi na tambaye shi da Larabci ko nawa ya rage zuwa garin. Ya ce kilomita goma sha bakwai. Na nuna masa dutsen mai kai biyu, ya yi dariya ya ce bayan wannan babu komai sai duwatsu da diloli, ya nuna da haɓarsa can hannun hagu, inda hanya ke lanƙwasawa. Inna ba ta jin Larabci. Rakiya tana ji.

Da safiyar Asabar na kai Inna tasha a motar haya. Ta riƙe hannuna ta sa mini albarka, ta ce na cika mata burinta, ta ga dutsen da mijinta ke kwance a gindinsa, kuma dutse ne mai kwarjini irin nasa. Na ce amin. Motar ta tashi, Inna na ɗaga mini hannu.

Ranar Lahadi Salifu ya je kan babur ya duba gawar. Ya kwance tiyo, ya sa yatsa ya lakato ya ɗanɗana, ya tabbatar da cewa inji ya ƙone ba gyara, amma kunun ya nuna.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, mai ita kuma makashinta. Ta bar Rakiya, wadda tun ranar ba ta ce mini uffan a kan maganar ba, sai dai kullum ta dama fura ta ajiye a gabana ta tsaya tana kallo. Ta bar Zuhura da Bilkisu, waɗanda na lura suna tafiya lekkol, makarantarsu, da ƙafa cikin wani farin cikin da bai dace da gidan makoki ba. Ta bar Salifu, da samarin unguwa goma sha wani abu da yanzu ba su san inda za su kai ƙarfinsu da safe ba. Ta bar tayar safaya ɗaya wadda ita ma ba ta da lafiya, da dutsen da nake sa mata a ƙafa in na tsaya a gangare, da kyanwar maƙwabta da ke kwana a ƙarƙashinta, wadda har yau take zuwa ta zauna a kan tabon baƙin mai.

Game da jana'iza, liman ya ja mini kunne cewa ba a yi wa ƙarfe salla, saboda haka ba za a yi ba. Za a ɗauko gawar ranar Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu. Muntari ne zai jawo ta da kat-kat ɗinsa. Ni na je har gida na roƙe shi, ya amsa bai ko yi murmushi ba, Allah ya saka masa. Za a kai ta garejin Salifu, inda duk mai buƙatar ƙofa shuɗiya ko madubi ɗaya zai iya zuwa ya ɗauka. Zaman makoki a ƙofar kantina ne, kwana uku, daga hantsi zuwa azahar. Za a ba da shayi. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo fura, kada kuma su tambayi yadda aka yi, ga shi nan na rubuta.

Ina da roƙo ɗaya ga 'yan uwa masu zuwa Damagaram. An gaya mini Inna na zaune a tsakar gida tana kwatanta wa mata dutsen mai kai biyu, kuma tun da ta koma take barci mai daɗi. Wanda ya karanta wannan sanarwa ya bar ta a nan Tamanrasset, kada ya kai mata. In akwai alhaki, ni zan ɗauka.

Kafin mu ɗaura wa gawar igiya, na roƙi Muntari mu wuce ta tukuna, mu bi hannun hagu mu cika kilomita goma sha bakwai ɗin nan. Rakiya za ta dama wata furar, a raba wa mutanen garin da sunan Inna. Ni kuma zan nemi wanda zai nuna mini kabarin, wannan karon zan tambaya. Zan durƙusa in yi wa mahaifina addu'a, in gaya masa matarsa ta fito rakiya, ta zo har kusa, ɗansu ne ya juya ta wani gefen.

Allah ya jiƙan Malam Illo, ya ƙara wa Inna lafiya, ni kuma ya ba ni hankali ko a makare.

Mai sanarwa,
Khamisu Illo, mai tafiya da ƙafa.